Taswirar da Ta Ce Ruwa Bai Taɓa Zuwa Garinmu Ba

Aikina na farko bayan na gama jami'a shi ne bin bayan wani injiniya da fom da biro a hannu. Ilimin ƙasa da taswira na karanta. Lokacin da aka kira ni ina zaune a gidanmu na Makarfi, ina taya mahaifiyata tsince shinkafa, ina kuma cika wani littafi da waƙoƙin da ba wanda ya taɓa karantawa sai ni. Wani kamfani aka ba aikin binciken hanyar da wani sabon jirgi zai bi daga Kano zuwa Kaduna, ya zarce Abuja. Suna neman 'yar yankin da ta iya karanta taswira, ta kuma iya gaida manya. Na iya duka biyun. Daga baya na gane na biyun ya fi kama jikina, kuma shi ya kusa jawo mana masifa.

Jirgin ba irin wanda muka sani ba ne. Bututu ne ƙato, wanda mota za ta shige cikinsa ba ta gogi gefe ba. Za a ɗora shi a kan ginshiƙan siminti, a zuƙe iskar da ke ciki, sannan a saki wani ɗan ɗaki mai kujeru ya riƙa sulalewa, ba iska a gabansa balle ta tare shi. Injiniya, shugaban tawagarmu, ya ce wanda ya shiga da kofin shayi a Kano zai sauka a Kaduna shayin bai huce ba. Mutum ne mai natsuwa, Bahaushe tashin birni, ba ya ɗaga murya, kuma ya yi imani da jirgin nan har zuciyarsa. Ni ma na yi. Nakan zauna a bayan motar ofis ina kallon gonaki suna wucewa, ina hango wani dogon zare mai ƙyalli ya ratsa samansu, mutane jere a cikinsa kamar 'ya'yan wake a kwanso. Har waƙa na rubuta masa. Ban yaga ta ba, amma na daina buɗe shafin.

Sai dai bututun ba ya son lanƙwasa. Injiniya ya maimaita mana wannan har muka haddace: idan ginshiƙi ɗaya ya nutse a ƙasa, ko da kaurin yatsa ne, abin da ke gudu a ciki zai ji, kuma a irin wannan gudu ba wanda zai tsira ya ba da labari. Saboda haka aikinmu shi ne neman duk inda ƙasa ba ta da amana. Inda ruwa ke ambaliya, inda zaizaya ta haƙa kwazazzabai, inda laka ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Kowane wuri da launinsa a taswira. Ja na nufin haɗari, rawaya a yi hattara, kore a wuce lafiya.

Layi uku aka zana. Na farko ya bi ta Kudan, ya faɗa fadamun rake, taswira ta yi ja kamar an watsa mata manja. Na biyu ya bi ta gefen Makarfi, kwazazzabai suka tare shi. Waɗannan wuraren kusa da kwalta suke, duk abin da ruwa ya yi musu an gani, an ɗauka a hoto, an rubuta. Na uku ya karkata gabas, ya shiga ƙasar Ikara ta yankin Kurmin Kogi, ya ratsa wani ƙaramin ƙauye da ko sunansa ba a sa a taswira ba. Ƙauyen mahaifina ne. A hoton tauraron ɗan'adam da suke aiki da shi, wanda aka ɗauka a tsakiyar rani, fadamarmu fili ce busasshiya, rafinmu kuwa wani siririn zaren yashi. Abin da ya rage shi ne a je a tambayi mutane, a duba bangon gidaje, a tabbatar.

Ni na kira Baffa a waya. Baffa yayan mahaifina ne, shi ne mai unguwar gangare, wato gidajen da ke bakin fadama, kuma a gidansa Kaka, wadda ta haife su, take zaune. Na ce masa sati mai zuwa zan zo da baƙi daga birni, manyan ma'aikata, za su duba gari. Da alfahari na faɗa. Ban tsaya na tuna abin da mutanenmu ke yi idan suka ji baƙi na tafe ba.

Bazara ce, dama lokacin yaɓe ne, lokacin da kowa ke gyara bangonsa kafin ruwa ya sauka. Amma bana an yi sauri. Da muka shiga gari kusan ban gane shi ba. Kowace katanga ta sha sabon yaɓe tun daga tushe har sama, jawur, tana ƙamshin makuba. An share hanya, an yayyafa ruwa. Tsamiyar da ke bayan gidan Baffa, wadda tun ina yarinya rassanta na ƙasa suke ɗauke da tsummoki da karare da ruwa ya rataya musu, an tsabtace ta tas, an ƙone sharar. Na duba fuskar Injiniya na ga ya yaba. Zuciyata ta yi fari. Na ce garinmu bai kunyata ni ba.

A zauren Baffa aka shimfiɗa tabarmi. Dattawan unguwa suka zauna, aka kawo fura da nono daga rugar da ke bayan gari. Ni na tsuguna a bakin ƙofa, fom a kan gwiwata. An daɗe ana gaisuwa, gajiya, gida, iyali, zafi, hanya, kuma Injiniya bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sannan ya yi bayanin jirgin. Wani dattijo ya tambaya ko za a yi tasha a nan. Injiniya ya ce tashoshi sai manyan birane, amma za a yi hanyar da motocin aiki za su bi, kuma hanyar za ta zauna bayan an gama. Na ga dattawan sun dubi juna. Sannan ya yi mini alama in karanta tambayoyi.

Na karanta na filaye, na makabarta, na burtalin shanu. Na zo kan ta bakwai.

"Shin ruwa ya taɓa yi muku ɓarna a garin nan?"

Baffa ya gyara zaman hularsa. "Ruwa? Alhamdu lillahi. Ruwa ya yi gyara."

Injiniya ya ce, "Ambaliya nake nufi, Baba. Ruwa ya shiga gidaje, ya rushe, ya kwashi dukiya."

"Yakan zo, yakan tafi," in ji Baffa. "Rahama ce. Ba mu da abin cewa sai godiya."

Sauran dattawan suka amsa, "Sai godiya."

Injiniya ya juyo gare ni. "Malama, rubuta babu."

Ina da shekara tara aka kawo ni hutu gidan nan. An yi kwana uku ana marka, sama ba ta ɗauke ba. Rana ta huɗu da hantsi ina tsakar gida ina wasa da gwangwani, sai na ga ruwa yana shigowa ta magudanar da ya saba fita. Kafin mata su gama kwashe tukwane ya kai gwiwa. Baffa ne ya ɗauke ni ya ɗora a wuyansa, ya ce in riƙe kansa da kyau. Ya bi ta bayan gida zuwa tudu, yana taku ɗaya-ɗaya. Ina tuna kaji a kan jinka, da ƙwarya tana juyawa tana wuce mu, da rumbun Kaka yana durƙusawa a hankali kamar raƙumi. Abin da na fi tunawa shi ne sanyin ruwan a dugadugaina, ina kan wuyan dogon mutum.

Mutumin nan ne yake zaune a gabana yana cewa ruwa ya yi gyara. Kuma ba ƙarya yake yi ba, a wurinsa. A garinmu ba a kushe ruwa. Yaro ya ce ruwan nan ya dame mu, sai a buge masa baki, a ce so yake a ɗauke mana. Mutanen da suka taɓa tsayawa a gona suna kallon dawa tana bushewa ba sa buɗe baki su kira ruwa maɓarnaci, ko da ya tafi da ɗakin kwanansu. Ban da haka, ba a baje wa baƙo matsalar gida yana tsaka da shan fura. Injiniya ya san wannan amsar. Shi ma ita yake bayarwa duk ranar da aka gaishe shi da ruwa. Amma fom ɗinsa akwati biyu ne da shi, akwai da babu, kuma yana da ƙauyuka da yawa a gabansa.

Ni kuma ba zan iya gyara wa Baffa magana a zaurensa, gaban dattawa da baƙi ba. Na sa alama a akwatin babu. Hannuna ne ya sa, ba wanda ya riƙe shi.

Injiniya mutum ne mai bin ƙa'ida, bai tsaya a maganar baki ba. Ya ce ruwa duk inda ya kwanta yakan bar shaida, wani layi mai duhu a jikin bango, daidai inda ya tsaya. Ya ɗauki tef ɗin awo muka zagaya unguwar gida-gida ta waje. Yana shafa katanga da tafin hannu, yana sunkuyawa yana duba tushe.

"Kin gani? Ko tabo babu," ya ce. "Mutum zai iya mantawa, bango ba ya mantawa."

Bangon da yake shafawa kwanansa huɗu da yaɓe. Na ce masa sabon yaɓe ne, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ya ce ko'ina ana yaɓe, ya wuce gaba. Kafin la'asar suka kafa wani turken siminti mai jan kai a filin bayan gidan Baffa, a bakin fadama, alamar inda ginshiƙi zai tsaya. Injiniya ya roƙi Baffa ya tsaya kusa da turken, ya ɗauke shi hoto, tsamiya a bayansa. Baffa ya tsaya ƙyam da sandarsa kamar za a yi masa katin zaɓe.

Kafin mu tafi na shiga cikin gida gaida Kaka. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa.

"'Yar boko," ta ce, "ke ce kika kawo mana masu zura mutane a magudana kamar ɓeraye?"

"Jirgi ne, Kaka."

"To, jirgin ɓeraye. Me suka tambaya?"

Na faɗa mata. Ta tambayi abin da Baffa ya ce, na faɗa. Ta yi dariya har gyaɗa ta zube daga faifai.

"To me zai ce? Ni na koya masa. Ke kuma me kika ce?"

Na sunkuyar da kai.

"Au. Duk karatun nan ba a ba ki baki ba?" Ta ci gaba da ɓara. "Su ba su shigo sun tambayi mata ba? Wa ke kwashe tukwane idan ya zo? Dattawan zaure?"

Ta nuna ƙarƙashin rumbun da haɓa. Ta ce in sunkuya in duba. Rumbun laka ne, irin na kowa, amma duwatsun da yake kai hawa uku ne, wani a kan wani. Ta ce da aka kawo ta gidan nan hawa ɗaya ne. Ruwa ya zo ya zaunar da rumbun, aka sake gini a kan hawa biyu. Shekarar da aka ɗauke ni a wuya, shi ma ya tafi, aka yi uku. Ta ce in leƙa kowane gida a gangare, zan ga haka, in kuma hau tudu zan ga hawa ɗaya ne har yau.

"Ni ma ban ce ya yi ɓarna ba," ta ce. "Cewa na yi ki ƙirga duwatsu."

Na ɗauki hoton duwatsun. A mota, muna kan hanyar komawa, na tattara ƙarfina na miƙa wa Injiniya wayar, na ba shi labarin shekarar da ruwa ya taɓa dugadugaina. Ya saurare ni har ƙarshe, da ladabi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce ana ɗaga rumbu saboda gara da ɓera. Ya ce yaro komai yakan gan shi da girma. Ya ce yana da hoton sama, da shaidar dattawa, da bango, abu uku, ni kuma ina da rumbu.

"Kuma ke kika cika fom ɗin, Malama."

Na karɓi wayata na mai da ita jaka.

Bayan sati biyu taswira ta fito a ofishinsu na Zariya. Garinmu kore ne shar, korensa ya fi na ko'ina kyau a duk tsawon layin. Na tsaya a gaban kwamfuta ina kallon inda tsamiya take, inda ƙwarya ta wuce mu tana juyawa, duk kore. Sannan na ga shafi na gaba, zanen hanyar motocin aiki. Za a cike ta da ƙasa, a ɗaga ta sama, ta ratsa bakin fadama daga wannan tudu zuwa wancan. An sa mata kwalbati guda ɗaya ƙarama, daidai da zaren yashin da suka gani a hoto.

Bakin fadamar nan shi ne ƙofa ɗaya tilo da ruwan gangare ke fita. Duk shekarar da ya shiga gidaje, ta nan yake janyewa cikin kwana biyu. In aka toshe, ba inda zai je. Jirgin yana iya zuwa, yana iya ƙin zuwa har abada, amma hanya ita ake fara yi. Da alamar da na sa a akwati za a mai da unguwar Kaka tafki.

A ƙarshen rahoton akwai wani layi inda 'yar yanki za ta sa hannu, ta tabbatar cewa abin da aka rubuta haka yake. Injiniya ya turo mini takardar da biro.

"Yallaɓai, ba zan sa ba."

Ya ɗago kai. "Dalili?"

"Ba haka yake ba."

"Baffanki ƙarya ya yi?"

"Bai yi ƙarya ba. Tambayarmu ce ba a amsa irinta a garinmu. Kai ma ka sani. Da na tambaye ka yaya ruwa, me za ka ce?"

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce shi ba ya gardama da zuciya, ya san gidanmu ne. Ya ce taswira ba ta cin labari, abin da za a auna take ci. In na kawo abin aunawa zai duba. Ya janye takardar, ya sa a fayil ba sa hannuna. Da aka shiga kashi na biyu na aikin ba a kira ni ba.

Na daɗe ina fushi, kuma fushin bai da wurin zama ɗaya. Wata rana yana kan Injiniya, wanda ya yarda da hoton da aka ɗauka daga can sama a watan da ko tsuntsu ba ya samun ruwan sha, ya ƙi yarda da mutum mai rai a motarsa. Wata rana yana kan wanda ya tsara fom ɗin a wani ofis mai sanyi, bai taɓa tunanin akwai mutanen da ladabinsu ga Ubangiji ya hana su cika akwatinsa ba. Na yi fushi da yadda Kudan da Makarfi suka sami jan launi don suna bakin kwalta, mu kuma da ba wanda ya taɓa zuwa ganin halin da muke ciki, rashin zuwan nan aka karanta a matsayin lafiya. Aka kuma zaɓe mu saboda shi. Mafi yawan kwanaki dai fushin a kaina yake komawa.

Na koma ƙauye na sami Baffa a tsakar gida yana sa wa fartanya ƙota. Labari ya riga ni isa.

"An ce kin je kin ce baffanki maƙaryaci ne."

"Ban ce ba, Baffa."

"Me na faɗa da ba gaskiya ba? Shinkafar da kike ci in kin zo, ina take fitowa? Ba inda ruwan ya kwanta ba?" Ya buga ƙotar da ƙasa. "Shekara nawa muna roƙon hanya? Mace tana naƙuda a goya ta a babur cikin taɓo. Yau Allah ya kawo hanya har ƙofa, 'yarmu ce za ta kore ta."

Ban iya gardama da manya ba, har yau. Sai na tsuguna na zana gangare a ƙasa da yatsa, na tara ƙasa gefe biyu a matsayin tuddai, na bar ƙofa a tsakiya. Na ɗauki buta na zuba ruwa, ya bi ta ƙofar ya fita. Sannan na ja layin ƙasa na rufe ƙofar, na huda ɗan rami da tsinke, na ce wannan ita ce hanyar, wannan kuma kwalbatinsu. Na sake zubawa. Ruwan ya taru, ya juyo, ya zo ya taɓa yatsun ƙafar Baffa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa babban yatsansa ya buɗe layin, ruwan ya wuce.

"Allah ya kyauta," ya ce, ya ci gaba da aikin fartanyarsa.

Na tattara kayana na zo na zauna wajen Kaka da damina ta yi nisa, ina jiran marka. Ta ce ba ta taɓa ganin budurwar da ke zaman jiran ambaliya kamar mai jiran saurayi ba. Da markar ta zo ba ta kai ta shekarar yarintata ba. Ruwa bai shiga ɗakuna ba, a hawa na farko na duwatsun rumbu ya tsaya. Amma filin bayan gida ya zama shimfiɗaɗɗen ruwa, kwance, launin kunun kanwa, kuma jan kan turken ya ɓace a ƙarƙashinsa. Na tsaya a kan tudu na ɗauki hoto na tura wa Injiniya.

Amsa ta zo bayan azahar. Ya gode. Ya ce amma ina turken a hoton? Ba a ganin sa, saboda haka ba yadda za a tabbatar wurin ne.

Na karanta saƙon a fili a tsakar gida, sau biyu. Ba a ganin turken saboda ruwa ya rufe shi, kuma rashin ganin nasa ne hujjar cewa ban nuna ruwa ba. Matar Baffa ta ce in sha ruwa in zauna. Kaka ta yi tsaki. Baffa yana zaune a kan buzu, ya idar da salla. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa, doguwar farar rigarsa a jikinsa, ya ce in biyo shi da wayar.

A bakin ruwan ya tuɓe takalmi ya yi bisimilla ya shiga. Na ce Baffa ka dawo, bai waiwayo ba. Ruwan ba ya gudu, amma ƙasan laka ce, kuma shi ba mutumin da ya ɗauke ni a wuya ba ne yanzu, gemunsa ya yi fari fat. Ya tafi taku ɗaya-ɗaya, yana laluben ƙasa da sanda. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu. Sandar ta daki siminti, na ji ƙarar daga inda nake. Ya juyo ya daidaita tsayuwarsa, tsamiya a bayansa, daidai yadda ya tsaya ranar da Injiniya ya ɗauke shi. Ruwan yana ƙirjinsa.

"Ɗauka," ya ce. "Kada ki rubuta cewa na ce wani abu. Tsayawa kawai na yi."

Na tura hoton ba tare da kalma ko ɗaya ba. Ba mu daɗe da komawa gida ba waya ta yi ƙara. Injiniya ne. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, karo na farko tun da na san shi. Na ji alamar yana kallon hotuna biyun, nasa na bazara da nawa na yau, gefe da gefe.

"Malama, tsayin baffanki nawa ne?"

Na ce ban sani ba. Ya ce in auna daga ƙasa zuwa inda ruwan ya tsaya masa. Na ɗauko tef daga jakata na nufi Baffa, wanda ya riga ya canja kaya yana shan ɗumi a bakin murhu. Ya dubi tef ɗin, ya dube ni.

"Auna ni za ki yi? Tun da raina? Ki bari sai ranar, masu haƙa kabari za su zo da karansu."

Kaka ta ce ya rufe mata baki, ita ba ta tafi ba shi ina zai je. Ina tsaye da tef a hannu, sai na hango matar Baffa ta ɗauki jiƙaƙƙiyar rigar za ta tsoma a bokitin wanki. Ban san lokacin da na isa wurinta ba. Na riƙe rigar da hannu biyu. Laka ta zana layi a ƙirjinta, ƙasansa ja, samansa fari, irin layin da Injiniya ya zagaye unguwa yana nema a bango.

Na roƙi Baffa ya sake sa ta. Ya yi gunaguni, ya sa, da sanyinta. Na tsuguna na ɗora bakin tef a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Rigar nake aunawa, Baffa, ba kai ba."

"To yi sauri, rigar tana jin sanyi."

Na karanta wa Injiniya abin da tef ya nuna. Ina jin yatsunsa a kan kwamfuta. Sannan ya ce ya ji, ya ce in gaida Baba.

Bayan wasu makonni ya turo mini shafin da aka gyara. An ɗauke hanyar daga bakin fadama, an mai da ita ta kan tudu, ta bayan makaranta. Na kai wa Baffa na nuna masa, ya bi layin da yatsa har ya ga ta taɓa gari, ya ce alhamdu lillahi. Amma launin da aka sa a fadamar rawaya ne. Injiniya ya ce awon shekara ɗaya ba ya isa a sa ja. Ya sake turo mini takardar sa hannu. Na ce masa bana ruwa a hawa na farko ya tsaya, kuma duwatsun hawa uku ne. Ya ce ya sani, amma hawa biyun sama ba wanda ya auna su. Na ce to ni ma ba zan sa hannu ba sai an auna.

Rigar tana cikin akwatina a Makarfi, a naɗe cikin zane, da lakarta. Duk lokacin da na je ƙauye matar Baffa sai ta tambaye ni, ta ce rigar Juma'arsa ce, in kawo ta wanke. Nakan ce mata tukuna.